Ɗan Ruwan Hoda

Litinin, 15 ga Maris 1948, da hantsi

Tullio bai taɓa taliyar jiya ba. Wai ya ƙoshi. A ina ya ƙoshi? Shekara ashirin da huɗu ina ciyar da yaron nan, na san ƙoshin gidana, na san ƙoshin waje. Ya shigo yana ƙamshin soyayyar albasa, ni kuwa rabona da soya albasa tun Alhamis.

Da safen nan na ɗauki kwat ɗinsa zan kakkaɓe, sai na ji abu a aljihun ciki. Jan ƙyalle ne, irin wanda 'yan gurguzu ke ɗaurawa a wuya ranar taronsu. An ninke shi tsaf, an yi masa kalmasa da hannu, an saka harafin N da zare a kusurwa. Kalmasar ma a karkace take. Ba sai an gaya mini ba, Nives ce, 'yar Oreste mai gyaran keke, wanda makullin ofishin jajaye, wato 'yan gurguzun, ke hannunsa.

Na sa ƙyallen a aljihun rigar aikina.

Egisto mijina, da kana da rai da ka ga lokacin da ɗanka ya zaɓa. Saura wata guda zaɓe, gari ya rabu biyu, mutanen coci da jajaye, ko burodi kowa da shagon da yake saye. Kuma Fada Anselmo ya yi mini alkawari da bakinsa, ana gama Ista zai sa a ɗauki Tullio akawu a bankin manoma na coci. In ya samu, ya zauna a gari kusa da ni. In bai samu ba, sai Beljiyam, ramin kwal, inda samarin unguwarmu ke ta tafiya suna dawowa da tari, waɗanda suka dawo ɗin ke nan.

Laraba, 17 ga Maris, da yamma

Na gan su, shi da Nives. Ba bin sa na yi ba, zannuwan gadon mai kemis zan kai, hanya ta bi da ni ta ƙofar shagon Oreste. Akwai wata hanyar, na sani. Yana tsugune yana riƙe mata tayar keke, ita tana buga iska, hannunta duk baƙin mai. Ta faɗi wani abu, ya kwashe da dariya har ya saki tayar. Irin dariyar nan ta jefa kai baya, taka ce sak, Egisto. A gidan nan rabon da in ji ta tun kafin yaƙi ya ƙare.

Kishi nake yi. Na rubuta, ga shi nan, ba mai karantawa. Ni na yi naƙudarsa, ni na ɓoye shi a ɗakin gawayi lokacin da sojojin Jamus ke kwasar samari, ni na ci ɓawon dankali na ba shi cikin. Yau yarinyar da ko kalmasa ba ta iya ba ita ke kwasar dariyar.

Da ya dawo na ce, "Kekenka ne ya lalace?"

"Mama, ai ba ni da keke."

"Shi dai na gani."

Ya dube ni, ya sha rabin miyar wakensa, ya tashi. Na ga ya laluba aljihun kwat ɗinsa kafin ya fita, ya sake lalubawa. Bai tambaye ni ba.

Juma'a, 19 ga Maris, da azahar

Wurin wanki ma yanzu siyasa ce. Mu matan coci mun riƙe kwamin sama, matan jajaye suna na ƙasa, ruwanmu ne ke gangara musu. Ba wanda ya tsara haka, kawai aka wayi gari an ga kowa ta san wurinta.

Cesira maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya hutawa ko a coci, ita ta fara yau ma. Ta ɗaga murya don na ƙasa su ji.

"A ci garin alkamar Amurka a ƙoshi, a zo ana yi wa shugaban Rasha mai gashin baki kirari. Ko buhu ɗaya ya taɓa aiko muku?"

Wata daga ƙasa ta ce, "Garin da sai an ga fuskarki a sujada za a auna miki? Mu ma ai an yi wa cikinmu baftisma."

"In kuka ci zaɓen nan cocin ma gidan rawa za ku mayar da shi."

"To ke ai sai ki kwantar da hankalinki, Cesira, dama ba a taɓa neman ki rawa ba."

Har na sama suka yi dariya. Ni ban yi ba, don Nives na can ƙarshen kwami, hannun riga a naɗe. Ba zan yi ƙarya ba, yarinyar tana da kyau, irin kyan da ke ba mutum haushi. Da ta ga ina kokawa da babban zanen gado ni kaɗai, sai ta hayo sama, abin da ba a yi.

"Sannu da aiki, Inna Ermelinda. Kawo in kama miki matsa."

Na ce hannuna biyu ne, sun ishe ni. Ta koma wurinta. Wuyan hannuna har yanzu zogi yake yi.

Lahadi, 21 ga Maris, bayan sujada

Ya raka ni coci, ya tsaya can baya kusa da ƙofa. Ana yin addu'ar ƙarshe na waiga, babu shi.

Litinin, 22 ga Maris, da la'asar

An kawo rigunan daga akwatin coci. Guda takwas, na masu ɗaukar makarar Yesu ranar Juma'ar Gicciye. Kowace riga ta gida guda ce, da sunan gidan a ɗinke cikin wuya, uba ya bar wa ɗa. Ba a aro, ba a musanya, kuma gidan da ba ya da namijin da zai fito ranar, wurinsa ya tafi ga wani gida. Namu shi ne kafaɗar dama ta gaba, tun daga kakanka, Egisto. Shekara talatin ke nan ni nake wanke su duka, ba a taɓa ganin ko ɗigo a jikin ɗaya ba.

Na jera su a kwatarniya kamar kullum, na rufe da tsumma mai kauri, na zuba tokar itace, na yi ta kwarara tafasasshen ruwa. Ruwan toka daga sama yake shiga, ya ratsa kayan, ya tsiyaye ta hujin ƙasa. Duk abin da ya kwaso ƙasa yake kai shi, shi ya sa wanda aka fi so ake sa shi a sama. Kullum ta Tullio ce a sama. Bana na sa ta a ƙasa, can ƙasa. Haka kawai na ga dama.

Aljihun rigar aikina babu komai. Ban san inda ƙyallen nan ya faɗi ba. Ban nema ba.

Talata, 23 ga Maris, da rana

Sammako na yi don in ɗauraye kafin kowa ya zo. So na yi in gama in dawo, duk abin da za a gani a gan shi tsakanina da ɗana a cikin gida. Ashe mijin Cesira ya sha ya yi wa zanen gado aika-aika, ta riga ni zuwa, kafin in sauke kwando wurin ya fara cika.

Na fito da bakwai, farare fes. Na tsaya. Cesira ta ce ina ta takwas, ta sa hannu a kwandona ta jawo ta da kanta. Tun daga wuya har ƙafa ta rine, ba ja ba, ba fari ba. Ta girgiza ta, jan ƙyallen ya faɗo daga cikin hannun rigar, da N ɗinsa a kusurwa.

Cesira ta ɗauka da yatsa biyu. "Ermelinda, ashe ja kike goyo a gida ba mu da labari."

Zuciyata ta hau. Na fizge rigar na ɗaga ta sama na ce, "Ɗana ba ja ba ne. Kusa da ja ya kwana, ya zuba masa. Ku buɗe idonku ku duba, wannan ja ne? Ruwan hoda ne kawai."

Sai wata ta fashe da dariya a kwamin ƙasa, na sama suka ɗauka.

"Ɗan ruwan hoda," in ji Cesira, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. "Kai, wannan suna ya zauna."

Kare shi na yi. Allah na gani kare shi na yi.

Nives ta hayo ta karɓi ƙyallen daga hannun Cesira, ta ce nata ne. Kowa rigar yake kallo, ita kaɗai ni take kallo.

Laraba, 24 ga Maris, da yamma

Na shimfiɗa masa rigar a kan tebur.

"Ka ga abin da yarinyar nan ta jawo mana? Rigar ubanka ce fa."

Ya shafa wuyan rigar inda sunan yake.

"Ka kwanta a gida ranar Juma'a. In na ce zazzaɓi ne wa zai musa mini? Fada zai yi mana uzuri na bana. Bayan Ista kowa ya manta. Ita kuma ka fita harkarta, ka dai ga abin da kusantar su ke jawowa."

"Ƙyallen a kwat ɗina yake, Mama."

"To ni na sani? Wataƙila ka cusa shi a rigar ka manta."

"Rigar tana akwatin coci tun bara."

Na ce miya za ta ƙone, na tashi. Ina tsaye a murhu na ji ya ce, "Ki goge mini ita. Zan saka."

Ban zaci haka ba. Ko kusa ban zaci haka ba. Na gwada lemon tsami, na gwada madara, na sake toka, na shanya a kan ciyawa. Ta ɗan yi haske, amma ko makaho ya san ba fara ba ce.

Juma'a, 26 ga Maris, bayan an tashi

Ranar nan ba a buga ƙararrawa, ba a magana a hanya, sai ƙarar katakon da ake kaɗawa a gaban makara. Saboda haka ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Mutum bakwai farare kamar gari, ɗana a kafaɗar dama ta gaba, inda kowa ke fara gani, kansa a miƙe.

Da aka zo ƙofar ofishin jajaye suka cire huluna kamar yadda suke yi duk shekara, don ko su uwayensu na cikin jerin. Amma wani shaƙiyyi a cikinsu ya ɗan ɗaga wa Tullio dunƙulen hannu. Tullio bai ko kalle shi ba. Mai kemis ya gani. Fada ya gani.

A inda ake sauke makara a huta, matar gida ce ke fitowa ta share wa nata fuska ta gyara masa gammon kafaɗa. Tun yana shekara goma sha takwas ni nake yi. Yau tawul na hannuna, ƙafata ta ƙi ɗaguwa, don duk idon gari a wurin yake. Ina tsaye ina cewa bari in ɗan jira, sai ga Nives ta ratso mutane. Yarinyar da rabonta da coci tun baftismarta. Ta share masa goshi da hannun rigarta, ta gyara gammon, ta koma. Ya lumshe ido da ta taɓa shi, na gani.

Wurina ne wannan. Na dawo da tawul ɗina a bushe.

Asabar, 27 ga Maris, da safe

Na je furta zunubi. Na faɗi na zagi Cesira a zuci, na faɗi na lashi man alade cikin azumi. Fada ya ce ko akwai saura, 'yata. Na ce babu.

Lahadi, 28 ga Maris, Ista

Ya ci ƙwai ɗaya, ya sumbaci goshina, ya fita. Ɗan ragon da na dafa masa yana nan a tukunya.

Alhamis, 1 ga Afrilu, da yamma

Sunan ya fita daga wurin wanki, ya shiga gari. Yau an manna wa likita shi don yana duba jajaye bashi. An manna wa malamar makaranta don an gan ta tana karanta jaridarsu. Har mai kai wasiƙu, wai yana daɗewa a shagon Oreste.

Na kai wa mai kemis gugarsa, na tarar da shi a gidan kofi na dandali yana wa mutane lacca, tunda shi ne shugaban masu nema wa jam'iyyar coci ƙuri'a.

"Ja ba ya ba ni tsoro," in ji shi. "Ja tun daga nesa ka gan shi ka kauce. Ɗan ruwan hoda shi ne masifa. Da safe yana bencin coci kusa da kai, da yamma yana raka su hanya, yana riƙe musu jaka. Bai shiga ba, bai fita ba, ranar zaɓe kuma shi zai buɗe musu ƙofa."

Wanzami ya ce, "To kai ai maganin tarin da kake sayar mana ma launinsa ke nan."

Aka yi dariya. Daga nan gardama ta koma kan inda kalmar ta fito. Tsohon hedimasta ya rantse daga Faransa ta zo, wai can haka ake kiran giyar da aka tsinka da ruwa, ya taɓa karantawa. Mai kemis ya ce a'a, shi ya fara faɗa a taron kwamiti tun watan jiya. Sai ga Cesira da kwandon kabeji, ta ce duk ƙarya suke yi, daga bakinta ta fito, akwai shaidu. Mai gidan kofi ya ba ta kofi kyauta, ta zauna a tsakiyar maza tana sha, ɗan yatsa a sama.

Abin kunya, har wannan ma ya ci ni. Maganata ce. Ni na ɗaga riga, ni na faɗa, ita maimaitawa kawai ta yi. Ina tsaye da guga a hannu ina jin ƙyashin kofin Cesira, a kan sunan da ake jifan ɗana da shi. Ban san wace irin mace na zama ba, Egisto.

Litinin, 5 ga Afrilu, da hantsi

Na je wurin Fada.

"Ermelinda, 'yata, bankin ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai kwamiti, kuma kin san wanda ke kansa."

"Tsautsayin wanki ne, Fada."

"Na yarda rigar tsautsayi ce. Ƙyallen fa? Da dunƙulen hannun? Da yarinyar, a gaban makara?"

Ya ce hanya ɗaya ta rage. Ranar Lahadi Tullio ya hau dandamali a taron jam'iyyar coci, ya karɓi lasifika, ya faɗi inda ƙuri'arsa za ta, ya ce ba shi ba mutanen nan. In ya yi, aikin nasa ne.

Na zo gida da gudu, har raina ya yi fari, don dama abin da nake so ke nan tun farko. Na gaya masa.

"Mama, ni ban ma san wanda zan zaɓa ba. Ina jin Fada in ga gaskiyarsa, in ji Oreste kan maganar gonakin masu ƙasa in ga tasa. Ki ce in hau in yi rantsuwa a kan abin da ban sani ba?"

"Ba siyasa ce ke hana ka ba, ita ce."

"Har da ita," ya ce.

Ko ɓoyewa bai yi ba.

Asabar, 10 ga Afrilu, da la'asar

Su ma jajayen sun ɗauki sunan. Yau a dandali samarinsu suka tare shi. Wani ya ce masa mai ƙafa biyu, ɗaya a coci ɗaya a shagon keke. Wani ya ce su ba sa son gauraye, ko ja ko fari, ɗan ruwan hoda ya koma gindin Fada. Oreste da kansa yana wurin, bai hana su ba.

Ina bakin famfo da kwando a kai. Ban matsa daga wurin ba.

Nives ce ta shiga tsakiyarsu. Ta nuna babbansu da yatsa ta ce, "Kai, Gino, yaushe ka zama ja? Ba sai da Jamusawa suka tafi ba? Kafin nan baƙar rigar 'yan koren Jamusawa ce a jikinka, ni na sha ganin uwarka tana shanya ta a bayan gida. Shi aƙalla ya sa tasa ya fito da rana tsaka."

Suka watse suna gunaguni. Ta kama hannunsa a gaban ubanta, a gaban gari, suka wuce ta gabana. Ya ce, "Sannu, Mama." Irin gaisuwar da ake yi wa matar maƙwabci.

Maganar da ta yi, ni ya kamata in yi ta. Na san labarin baƙar rigar nan fiye da ita, ni ma na taɓa wanke ta.

Litinin, 12 ga Afrilu, da safe

Kwandon wankinsa babu komai. Na duba ƙarƙashin gado, babu.

Talata, 13 ga Afrilu, da rana

Na ga rigarsa mai ratsin shuɗi a kwamin ƙasa, a hannunta. Tana cuɗa wuyan da ƙarfi, haka ake kashe wuyan riga, wata biyu zai yi ya tsage. Na ci gaba da wankina.

Da mutane suka ragu ta hayo. Wannan karon ba ta tambaya ba, ta kama bakin zanen da nake matsewa, muka murɗa tare.

"Inna, ni ban iya wanki kamar ke ba," ta ce, murya ƙasa. "Amma ko ni na san abin da ke ƙasan kwatarniya ba ya hawa sama. Bakwai sun fita fes."

Na ce ta kula da zanen, yana jan ƙasa.

"Ban gaya wa kowa ba. Ba don ke ba, don shi."

Ta ninke zanen ta sa mini a kwando ta tafi. Yanzu har rufin asirina a hannunta yake. Na tsane ta, kuma matsarta ta fi tawa ƙarfi.

Lahadi, 18 ga Afrilu

Zaɓe. Mun tafi tare, mun dawo kowa daban. Ban tambaye shi ba.

Laraba, 21 ga Afrilu, da yamma

Jam'iyyar coci ta ci zaɓe. An yi ta buga ƙararrawa tun jiya, Cesira ta yi rawa a titi, ba wanda ya neme ta, ita kaɗai ta yi. Ya kamata in yi murna, namu ne suka ci.

An ba ɗan ƙanwar mai kemis aikin banki.

Wanzami ya nuna mini jaridar birni. A shafi na biyu wani ya rubuta cewa 'yan ruwan hoda sun sha kashi tare da iyayen gidansu. Mutumin bai san garinmu ba, bai san Tullio ba, bai taɓa ganin kwatarniyata ba. Wanzami ya ce, "Kin gani, Inna, mun shiga jarida." Mai kemis ya yanke wurin ya manna a tagar shagonsa.

Asabar, 24 ga Afrilu

Ya sa hannu a takardar aikin kwal. Beljiyam. Ya ce in ya samu ɗaki Nives za ta bi shi, a can za a ɗaura aure, inda ba wanda ya san launin kowa.

Na ce ni fa?

Ya ce zai riƙa aiko mini. Ba abin da na tambaya ke nan ba.

Alhamis, 29 ga Afrilu, da azahar

Na dawo daga tashar jirgin ƙasa.

Na haɗa masa burodi da cuku da safa uku na ulu, naka ne, Egisto. Na tarar ita ma ta haɗa masa nata ƙunshin, ya riƙe duka biyu, nata a hannun dama. Ƙyallen nan yana wuyansa a cikin riga, ya koɗe, jan duk ya tafi, shi ma ya koma launin abin da ya rina. Wuyan rigarsa kuwa ita ta goge, gefe ɗaya a tsaye gefe ɗaya a kwance. Ba zan iya barin ɗana ya shiga ƙasar mutane haka ba. Na kai hannu zan gyara.

Ya riƙe hannun. Ba da ƙarfi ba. Ya juya shi yana duba tsagar da toka ta yi wa yatsuna.

"Bar shi haka, Mama."

"A karkace yake."

"Na sani." Sannan ya ce, "Ina yaro, in yara suna alfahari da ubanninsu, ni da ke nake yi. Ina ce musu ko zare bai taɓa zuba a hannun uwata ba."

Jirgi ya yi kuka. Na jira ya tambaye ni. Da ya tambaya wataƙila da na faɗa, a nan gaban kowa. Bai tambaya ba. Ya sumbaci hannun, ya sake shi, ya juya wurinta, suka daɗe.

Da jirgin ya tashi ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu. Muna tsaye kusa da juna ni da ita, ban san wadda yake ɗaga wa ba. Ta ce in zo ta raka ni gida. Na ce na san hanya.

Litinin, 3 ga Mayu, da hantsi

Rigar ta fita. Tun Ista nake bin ta da toka da rana, jiya na ɗauko ta daga kan ciyawa fara fat, ko a bakin taga ka ɗaga ta ba ka ganin komai. Cesira ta ce kai, Ermelinda, hannunki dai sai ke.

Na goge ta, na kai coci, na buɗe akwati na sa ta a saman sauran bakwai. Fada ya yaba sosai. Sai ya ce tunda yanzu ba namiji a gidan, kwamiti ya ba gidan mai kemis kafaɗar dama ta gaba, kuma tunda ga ni, in warware sunan da ke cikin wuyan, ba wadda za ta yi shi da tsabta kamar ni.

Na ce ban zo da almakashi ba.

Ya jawo aljihun tebur, ya miƙo mini nasa.